Idon Jan Sa

Wuƙa biyu a kube, dutsen wasa wuƙa, takalman roba, fulas ɗin shayi, da wani baƙin akwati mai makulli. Iyakar abin da ke bayan motar ke nan. Akwatin na Dakta ne. Sauran na Kawu ne, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana yanka a mayankar da suka nufa.

Dakta 'yar ƙanwarsa ce, likitar dabbobi, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta. Ita ke tuƙi.

"Sake faɗa mini, Uwata."

"Bindiga ce, Kawu, amma ba ta huda kai. Goshi take bugu, san ya suma. Kafin ya farfaɗo kun yanka. Ba ya jin wuƙar."

"In bugun ya kashe shi fa?"

"Ba ya kisa in an buga daidai."

"In an buga daidai," in ji Kawu, ya mayar da ido kan titi.

Mahautan gari ba sa tambayar komai in sun zo ɗaukar nama. Sun san hannun Kawu ne, shi ke nan. Yanzu Manajan mayankar ya ce daga yau ba a yanka sa sai an sumar da shi, wanda bai yarda ba a nemo wani. Kawu bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba.

A mayankar an gina siririn lungu mai lanƙwasa daga garke zuwa wani kejin ƙarfe. Dogo, mai koro shanu, an hana shi sanda da murɗe wutsiya. Tsumma aka ɗaura masa a kan kara.

"Yau sai lallashi, Kawu," in ji Dogo. "Saura mu riƙa tambayarsu yaya iyali."

Wani jan sa ya biyo lungun a hankali, ya shiga kejin da ƙafarsa. Babu igiya, babu ƙarti shida suna kokawa, babu karayar ƙafa a kan siminti. Kawu ya ga wannan, kuma bai ji haushinsa ba.

Dakta ta ɗora bakin bindigar a goshin san. Tau! Ya zube. Aka buɗe gefen kejin, ya gangaro gaban Kawu. Ta durƙusa ta taɓa ƙwayar idonsa da yatsa. Bai ƙifta ba.

"Madalla, ya yi. Bismillah, Kawu."

Kawu ya tsaya da wuƙa a hannu. Tun da ya fara riƙe wuƙa, idon da aka taɓa bai ƙifta ba sunansa ɗaya: mushe. Ga shi 'yar da ya saba ɗauka a kafaɗa tana masa madalla da shi. Sai ƙafar baya ta yi shuri.

"Yauwa, ga shi yana shuri. Da ransa."

"Kada ku duba shurin, Kawu, jijiya ce kawai."

"Shurin ba komai ba ne?"

"Ba komai ba ne."

"Idon da ya mutu kuma shi ne daidai?"

"Bai mutu ba! Zuciyarsa na bugawa, ku taɓa ku ji. Amma ku yi sauri."

Ya ɗora tafinsa a bayan kafaɗar san. Akwai bugu. Ya ƙara dannawa. Ya kasa rabe ko na san ne ko na tafin hannunsa.

"Lokaci, malam!" in ji Manaja daga bakin ƙofa.

Haƙarƙarin san ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Idon ya ƙifta. San ya fara neman ɗaga kai.

"Alhamdu lillahi!" in ji Kawu.

"Innalillahi, ya farfaɗo," in ji Dakta. Ta fizgi bindigar ta sake bugawa.

Wannan karon Kawu bai taɓa komai ba. Ya ambaci sunan Allah ya ja wuƙa. Jini ya yi tsartuwa har gwiwarsa, da ƙarfi, bugu-bugu, irin na dabba mai rai. Ya tsaya yana kallo har ya tsagaita.

Dakta ba ta dube shi ba. "Bugu biyu ya sha saboda jiranku, Kawu."

Bai musa ba. Abin da ya faranta masa rai shi ne abin da ya wahalar da san, kuma bai san inda zai ajiye wannan ba.

Manaja ya matso, yana ɗage ƙafar wando. "Saura goma sha tara a garke. Kana ciki ko in kira wani?"

Kawu ya goge wuƙar, ya tura Manaja waje da kafaɗa a hankali, ya ja ƙofar ƙarfen ya sa sakata. Ta cikin ƙarfen ya yi magana.

"Zan yanka, ba zan ƙara jira ba. Amma duk wanda jininsa bai yi tsartuwa ba, ba ya fita ta ƙofar nan a matsayin nama."