Gam Biyu a Ambulan Ɗaya

Auta ta ajiye ambulan ɗin a kan teburin Hedimasta, ta kifa shi, ta bi bakin liƙin da farce a hankali kamar mai nuna wa likita inda ke mata ciwo.

"Baba, duba nan. Gam biyu ne. Na ƙasa fari, na sama ruwan ƙasa. An buɗe wasiƙar nan kafin ta zo hannuna."

Hedimasta, yayan marigayi mahaifinta, ya zaro tabarau daga aljihu. Ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya sake gogewa. Mahaifiyar Auta, wadda tela ce, tana tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo rataye a wuya, idanunta sun kumbura. A kujerar da ke kusa da taga matarsa Iya na gyaran maɓallin wata tsohuwar riga, ba ta ɗago kai ba.

"Haka ne," in ji shi daga ƙarshe. "An buɗe."

"Na faɗa miki!" Tela ta tafa hannu. "Yaya, wallahi mutanen gidan wayan nan ne. Wannan mai rarraba wasiƙun, mai fuskar salihai. Wa ke taɓa takarda kafin ta faɗa akwati in ba shi ba? Daga hannunsa sai naka."

Daga hannunsa sai naka. Ta faɗi maganar ta wuce, kamar wanda ya taka maciji a duhun ciyawa bai sani ba. Hedimasta ya ji gumi na gangarowa ta bayan kunnensa. Kwalbar gam ɗin ruwan ƙasa tana cikin aljihun teburin da ya dafa, tsakaninta da gwiwar Auta bai kai taku ɗaya ba.

* * *

Gida bakwai ne a layin ke amfani da akwatin gidan waya guda, kuma makullin yana hannun Hedimasta. Ba a yi zaɓe ba. Mutane sun ɗauka furfura da amana tare suke tsirowa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya bincika ko haka ne. Kowace Talata da Juma'a sai ya sa takalminsa mai igiya, ya je ya kwaso, ya bi gida gida yana miƙawa ana yi masa godiya.

Shekara talatin da huɗu ya yi babu takardar da ke shiga makaranta ba ta bi ta ƙarƙashin idonsa ba. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, aka tafa masa, shi ke nan duniya ta daina kawo masa abin karantawa. Wasiƙar farko da ya kara a bakin butar shayi don tururi ya saki gam ɗinta, ta wani maƙwabci ce da ɗansa ke kurkuku. Ya ce wa kansa gara ya san abin da ke ciki, don ya san irin fuskar da zai shiga da ita. Ta biyu ba ta buƙaci dalili ba. Bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Yakan karanta, ya liƙe, ya danne da ƙamus har ta bushe. Shi a wurinsa wannan kulawa ce. Ya san wanda aka kora daga aiki, ya san wadda sakamakon asibitinta bai yi kyau ba, kuma idan ya gaishe su da wata irin tausasawa sai su ce, "Hedimasta kamar waliyyi, kafin ka faɗa ya gane."

Wasiƙar Auta ta zo ran wata Talata, da tambarin babban asibiti a goshinta. Ya buɗe ya karanta. An ɗauke ta aikin jinya. Ga cikakken sunanta, ga ranar haihuwa, ga lambar waya, ga lambar ɗaukar aiki, ga ranar da za ta kai takardunta na asali. 'Yar ƙaninsa, wadda shi ya koya mata riƙe fensir! Irin wannan takarda, in ji zuciyarsa, dole a ajiye kwafinta a fayil. Ya ninke ta cikin jarida ya nufi shagon hoton takardu da ke bakin titi.

Kwafin farko ya fito dishi-dishi. "Tawada ce ta yi ƙasa, Baba," in ji mai shagon, wani mai ƙiba da zobe a kowane yatsa. Ya jefa shi cikin kwalin da ke ƙarƙashin na'urar, ya girgiza wani abu, ya sake bugawa. Na biyu ya fito tas. Hedimasta ya ga inda na farkon ya faɗa. Ya ma yi tunanin ya ce a ba shi, sai ya ga ai ƙaranta ce dattijo ya tsaya roƙon shara.

Kwana uku bayan haka aka kira Auta. Muryar mace ce, mai natsuwa, ta ambaci sunanta har na kaka, ta karanto mata lambar ɗaukar aikin ba tuntuɓe. An canja tsari, in ji ta, yanzu sai an tantance takardu kafin ranar kama aiki. Auta ta kwashi takardar firamare, ta sakandare, ta makarantar jinya da lasisinta, ta kai wani ɗaki a saman shagon tayoyi. Teburi, kujera biyu, hatimi. Aka ba ta 'yar takardar shaida, aka ce ta dawo Litinin. Ran Litinin ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai tayoyi ya ce ai mako ɗaya dama suka kama ɗakin.

Asibiti suka ce ba su san zancen ba, kuma ba takardun asali, ba aiki. Sake fitar da su zai ci watanni, gurbin kuwa ba zai jira ba. Wata ma'aikaciya ta ja ta gefe ta ce ta yi ta addu'a, don irin waɗannan takardu sayar da su ake yi. Wata rana, a wani gari, wadda ba ta taɓa riƙe sirinji ba za ta tsaya a kan marar lafiya da sunan Auta a ƙirjinta.

* * *

"Yaya, kai za ka rubuta mana ƙara," in ji Tela. "Duk layin nan wa ya kai ka iya zuba magana a takarda? Ka rubuta yadda sai sun kore shi."

"A bari a yi bincike tukuna. Zargi ba shi da kyau."

"Ka ji Yaya da tausayi! Don ya taɓa zama ɗalibinka? Shi ya tausaya wa marainiyar nan?"

Da suka fita, Iya ta ciji zare ta tsinke, ta soke allurar a hannun kujera.

"Malam, in ɗora maka ruwan zafi? Yau Juma'a, na ga ba ka sha shayinka na bayan gidan waya ba."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Maganar shayi. Mutum ya shekara goma yana tafasa ruwa buta guda, ganyen shayi bai taɓa raguwa ba. Na ce ikon Allah, miji na samu ko injin tururi?"

Ya dube ta. Shekara arba'in da aure, bai taɓa jin ya tsaya tsirara a gabanta irin yau ba.

"Kin sani, ba ki taɓa magana ba?"

"Na ce tsufa ne, kowa da abin da yake tsotsa. Wani goro, wani rediyo, kai kuma asirin mutane. Nawa laifin ke nan, na ɗauka." Ta miƙe tana kakkaɓe zare daga zaninta. "Amma karatu kaɗai ba ya kai lamba hannun ɓarayi. Ina ka kai wasiƙar?"

Ya faɗa mata. Ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"To ka je ka gaya wa yarinyar."

"In ce mata me? In ce Babanki..." Ya kau da kai. "Bari in fara zuwa wurin mai shagon. In aka samo takardun, magana ta mutu."

"Takardun kake son cetowa ko hularka?"

* * *

Mai shagon na cin gyaɗa, yana watsa ɓawon cikin kwalin nan. Kwalin babu takarda ko ɗaya.

"Wace takarda, Baba? Mutum ɗari ke shigowa nan kullum."

"Ta asibiti. Wadda ka ce tawada ta yi ƙasa. Ka san abin da aka yi da ita, kuma hukuma za ta ji."

Mutumin ya karkaɗe hannuwansa, zobban suka yi ƙara. Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya auna nauyin abokin faɗansa.

"Af, na tuna. Mai sunan mace. Na ce a raina, wannan dattijo da gemunsa, sunansa kuwa na 'yan mata." Ya matso da murya ƙasa ƙasa. "Mu je hukumar, Baba, ni ma ina so. Sai dai tambayar farko da za su yi, wa ya kawo ta, kuma mai ita ta sani? Ni shara na zubar. Shara kuwa kowa na iya tsinta."

Hedimasta ya tsaya. A da, kallo ɗaya yake yi yara ɗari biyar su yi tsit. Ya nemi wannan kallon a fuskarsa bai same shi ba.

"A gaida gida, Baba. In akwai wata wasiƙar a kawo, mun sa sabuwar tawada."

Da yammacin ranar ya rubuta ƙarar. Ya ce wa kansa zai sassauta ta yadda ba za ta cutar da kowa ba, amma hannun da ya saba ba ya iya rubuta abu maras kyau. Ta fito da sakin layi huɗu, kowace hujja a mazauninta. Bai ambaci suna ba, ya dai rubuta "wanda wasiƙu ke bi ta hannunsa." Gida bakwai suka sa hannu. Nasa ne a sama.

* * *

Bayan mako biyu aka yi sallama da hantsi. Mai rarraba wasiƙun ne, wanda tun yana aji huɗu Hedimasta ya naɗa shi mai kula da aji, sunan Monita ya bi shi har ya yi furfurar gemu. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ƙi hawa kujera.

"Malam, an dakatar da ni. Jibi zan tsaya gaban kwamiti."

"Na ji. Abin bai yi daɗi ba."

"Na ga sa hannunka a takardar. Wallahi ban riƙe ka ba. 'Yarka ce, ko ni ne haka zan yi." Ya murza hularsa a hannu. "Shekara goma sha tara ina wurin nan, Malam, ko katin gaisuwa ban taɓa ɗagawa sama in haska ba. Kai ka koya mana. Ka tuna ranar da ka zane ni don na leƙa littafin maki? Har yau in na ga takardar wani sai bayana ya tuna."

Ya yi 'yar dariya. Hedimasta ya yi ƙoƙarin taya shi.

"Yarana ba su sani ba. Kullum sai in sa kayan aiki in fita, in zauna a tasha har la'asar. Abin da ya kawo ni, sun ce in kawo shaidar hali daga wani dattijo da ya san ni. Na duba duk garin nan, ban ga wanda za a ji maganarsa kamar kai ba."

Labulen ɗakin ciki ya motsa. Iya na bayansa, ana ganin yatsun ƙafarta. Ta tsakar gidan da suke zaune tare kuma ana jin keken ɗinkin Tela, da muryar Auta tana tambaya ko a yanka hannun rigar. Tun da aikin ya kuɓuce take taya uwarta.

Hedimasta ya buɗe baki. Kalma huɗu ce ko biyar, ya ma jera su: ni ne na buɗe ta. Ya ga Tela ta saki keken, ya ga gida bakwai suna lissafin abin da ya sani a kansu, ya ga Auta tana neman wani suna da za ta kira shi da shi.

"Miƙo min alƙalamin can," in ji shi.

Tsohon alƙalami ne mai shan tawada, yana ɗan zuba. Ya rubuta cewa ya san mai wannan takarda tun yana yaro, bai taɓa kama shi da ƙarya ko cin amana ba. Kowace kalma gaskiya ce, kuma ya san ba za ta yi nauyin waccan mai sakin layi huɗu ba.

Monita ya karɓa da hannu biyu, ya karanta, ya share ido da bayan hannu.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Ni ba ni da ƙarfin kowa." Ya ɗaga tafukansa sama. "Amma wanda ya buɗe wasiƙar yarinyar nan, ya jefa ta a wannan hali, ya jefa ni, Allah ka tona asirinsa tun a duniya."

"Amin," in ji Iya daga bayan labule, da ƙarfi, kamar mai amsa kiran suna a aji.

Monita bai sauke hannu ba, yana jiran na malaminsa. Hedimasta ya ɗaga nasa tafukan. Leɓɓansa suka motsa, abin da ya fito bai fi numfashi ba. Ya shafa fuska.

Tawadar da ke yatsansa ta ja baƙin layi daga goshinsa har gefen hanci. Monita ya gani. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga ba tarbiyya ba ce ka nuna wa malaminka datti a fuska. Ya sunkuyar da kai, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya sa takalminsa.