Littafin da Wasila Ta Fara Daga Baya

An manna sanarwa a ƙofar laburaren unguwa: duk littafin ɓangaren matasa da ya shekara biyar ba a are shi ba, ranar Litinin za a fitar da shi. Malam Tambari ya san inda irinsu ke ƙarewa. Ya taɓa sayen tsire a Ƙofar Rini aka naɗe masa shi a shafi na arba'in na wani littafin tarihi.

Cikinsu har da wani kore mai yagaggen bango, wanda marigayiya matarsa Wasila ta fi so. Shi ba za a ara masa ba; ɓangaren na 'yan ƙasa da sha takwas ne, shi kuwa ya haura saba'in. Matasan da ke ɗakin kuma fanka da soket suka zo wa.

Ya ɗauko littafin, ya ja kujera kusa da Bara'atu, 'yar Arzika mahauci, tana gadin wayarta a caji.

"Ɗiyata, babanki zai samu takarda mai kyau ranar Litinin."

"Baba, ni ba ni karatu sai na jarrabawa."

"Ya nuna."

Ta harare shi, amma ta ɗauki littafin. Busasshen ganyen lalle ya faɗo daga shafukan ƙarshe, sai wani, sai wani. Gaban littafin kuwa fes.

"Wa ya sa waɗannan?"

"Matata. Da allo ta fara karatu, ba da boko ba, don haka ko wane littafi daga dama take buɗe shi. Babin ƙarshe shi ne na farko a wurinta. Shekara talatin ina gyara mata, tana cewa haka ya fi daɗi."

"To ya fi?"

"Ban taɓa gwadawa ba. Ni malami ne."

Bara'atu ta buɗe babin ƙarshe. Wata mata ce tsaye a tasha, tana ƙona wasiƙa.

"Mi ya sa ta ƙone ta?"

"Yana can gaba. Ko baya."

Wayar ta cika, ba ta lura ba. Da aka zo rufewa ta je tebur, aka buga wa koren littafin hatimi da kwanan wata.

Ranar Litinin ta dawo da shi, yatsarta a tsakiya.

"Baba, matarka ta fi ka gaskiya. Zan sake ara."

"In kin gama ki miƙo mini," in ji Malam Tambari. "Ta dama zan buɗe shi."