Wake a Karofi, Harawa a Tamawa

Shekarar da sunan Malam Ashafa ya fito cikin manoman Karofi da gwamnati za ta ba iri da taki mai rahusa, babu wanda bai ji ba, don shi da kansa ya riƙa faɗa. Sharaɗi ɗaya malamin gona ya kafa: sabon waken a shuka shi zalla, layi-layi, kada a cakuɗa shi da gero ko tsohon iri. Ashafa ya ba sabon waken gonar duka.

Waken kuwa ya yi. Buhu goma sha ɗaya, a gonar da ba ta taɓa wuce huɗu ba. Matarsa Kulu sai da kafaɗunta suka yi tsami wajen shiƙa.

Da aka zo ɗaurin harawa ne murnar Ashafa ta koma ciki. Sabon waken gajere ne, ba ya yaɗo, ganyensa kuma ya zube tun ruwa bai ɗauke ba. Abin da ya tara bisa rumfa ba zai kai shanun huɗarsa biyu ko tsakiyar rani ba, maƙwabta kuma duk irin nan suka shuka. Kulu ta ce a sayar da ɗaya. Sa ɗaya ba ya jan garma, ita ma ta sani.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ya ja ɗaya daga cikinsu, jan san, ya tafi. A bakin kara, wajen cinikin shanu, ya ci karo da taubashinsa Lado na Tamawa, wanda sunansa bai fito ba, wanda Ashafa ya yi damina guda yana tsokana wai gwamnati ba ta san da zamansa ba.

"Attajirin wake, ina za ka da sa? Ko tarakta suka ƙara maka?"

Ashafa ya faɗa masa gaskiya. Lado ya yi dariya har sai da ya dafe hula. Ya ce shi da tsohon irinsa ya shuka, harawa ta cika rumfa ta hau bishiya, wake kuwa buhu biyu, yanzu ma awo ya zo.

"Mai da san gida, mu yi musaya, wake da harawa," in ji Lado. "Amma da kanka za ka kawo waken, ka ce na fi ka noma gaban jama'a."

"Waken zan kawo. Maganar kuwa ka yi ta jira."

Shanun biyu ne suka ja buhu uku zuwa Tamawa, suka yi ta dawowa da harawa har sawu huɗu. A sawun ƙarshe Kulu ta ga wani ƙullin tsumma a ƙasan amalanke, ta kwance, tsohon iri ne wajen rabin tiya. Ta dubi Ashafa.

Ashafa ya ce na gefen gona ne, can inda igiyar awon malamin gona ba ta kai ba. Ya zuba wa jan san harawa, ya tsaya yana kallon yadda yake ci.