Furen Tekun Daeng Tompo

"Daeng, yaushe rabonka da fitsari?"

Daeng Tompo ya kau da kai. Rannu, maƙwabciyarsa mai suyar ayaba, ba ta taɓa zaton za ta yi wa dattijo irin wannan tambaya ba, amma tsoro ya cire mata kunya. Hannunsa na dama ya kumbura har kafaɗa, fatar ta yi baƙi, fuskar ma ta fara hawa.

"Tun shekaranjiya," in ji shi. "Ke kuma ina ruwanki da marata?"

Yana zaune ƙarƙashin gidansa mai dogayen ƙafafu, inda ya jera akwatunan gilashi. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya nitse ya kamo ƙananan kifaye masu launi da furannin teku, dillalan birnin Makassar su kai wa masu ƙawata falo. Bai taɓa sa safar hannu ba. Wai safa makantar da hannu take yi, haka duk masu nitson tsibirin suke cewa. Ranar Talata ya kai hannu ga wani abu da ya ɗauka dutse ne mai gansakuka, ashe furen teku ne mai dafi. Da yake mutumin akwai taurin kai, sai ya kwaso shi a bokiti ya kawo gida.

Rannu ta ce, "Ga Sikki mai kwalekwale can ya tayar da inji. Tashi mu tafi asibiti."

"Wa zai sake wa furen ruwa? Wuta ba ta zuwa sai magariba, injin hura wa akwatin iska ba ya aiki. In ya wuni a ruwa ɗaya, mutuwa zai yi."

"To ya mutu mana! Dillalin ma cewa ya yi ba mai hankalin da zai ajiye wannan bala'i a falonsa."

"Me dillali ya sani? Tun kina goye nake nitso, ban taɓa ganin irinsa ba."

Bai rufe baki ba amai ya taso masa. Rannu ta riƙe kansa. Iska ta fara kaɗawa, ta kuma san da zarar teku ya tashi, babu kwalekwalen da zai ƙetare sai gobe.

"Ni zan sake masa ruwan."

"Ke da ko kaguwa tsoronta kike ji?"

"Na ce zan yi!"

"Rantse."

"Wallahi, safe da rana. Don girman Allah, Daeng, tashi."

Sai a lokacin ya yarda Sikki ya ciccibe shi. Har suka kai bakin ruwa yana waiwayen akwatin.

Likita ya ce ƙodojinsa sun riga sun tsaya. Ranar Juma'a aka dawo da shi cikin kwalekwalen nan, lulluɓe da zane. Bayan an rufe shi, masu nitso suka zo za su juye abin a kan yashi rana ta ƙone shi. Rannu ta tsaya a gaban akwatin ta ce a bar shi. Ta tsani abin nan har cikin ranta, amma ta rantse.

Da safe, kafin ta hura wutar suya, ta ɗebo ruwan teku. Ta sa safa biyu a kowane hannu, ta tsaya nesa-nesa ta tuttula. Ruwan ya lafa, dutsen ya fara buɗewa a hankali.