Shatin Farcen Inna

Innarmu ba ta taɓa yarda cewa ciwo ya dame ta ba. Ko wuta ce ta ƙone ta, in aka ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi. Haka aka rene ta. Ni ce dai na fito raguwa, ƙaya ma sai unguwa ta ji.

Ranar da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, bayan azahar muka isa asibiti. Fanka tana juyawa a kasalance, farin labule yana kumbura yana saɓewa, komai kamar a cikin ruwa yake tafiya. Nas ɗaya ce a ɗakin, makullin akwatin magani rataye a wuyanta. Ba ta ɓoye mana ba: likitan ƙashi sai gobe, allurar kashe zafi mai ƙarfi kuma guda ɗaya ta rage, sai wanda ya fi jin jiki.

Ta bi gadaje tana tambaya, ta iso kanmu.

"Sannu Mama, yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Yaya aiki?"

Har da yaya aiki! Nas ta rubuta wani abu ta wuce. Haushi ya kama ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

"Inna, don Allah ki faɗa mata gaskiya."

"Ke, rufa min asiri. Da girmana in yi ta raki a gaban mutane?"

Ta kama wuyan hannuna, ta ƙura wa silin ido. Akwai tabon yoyon ruwa a wurin. Ta ce rafi ne, ga marigayiya kakarmu can a bakinsa tana wanki, tana yafito ta. Ta ce ruwan da sanyi, ƙafarta ɗaya ta riga ta shiga. Muryarta lumui, gumi kuwa ya jiƙa matashin kai sharkaf. Na zauna ina kallon rafin tare da ita har na fara jin ƙarar ruwan, ina addu'a kada ta tsallaka.

Ƙarar makulli ce ta dawo da ni. Nas ta buɗe akwati, ta zuƙi allurar, za ta wuce gadon ƙarshe, sai ta tsaya cak.

"Yaya, me ya sami hannunki?"

Na duba. Shatin farce huɗu, jini yana gangarowa zuwa tafina. Wallahi ban ji ba.

Nas ta dubi Inna, ta girgiza kai.

"Irinku ne ke ba mu wahala, Mama. Juya min kafaɗa."

Ta yi mata allurar. Jim kaɗan yatsun Inna suka sake ni, ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce rafin ya janye, kakarmu ta kwashe wankinta ta tafi.

"Yaya jikin, Inna?" na tambaya.

"Da sauƙi," ta ce, idonta a lumshe.

Shekara arba'in ina jin wannan amsar. Ranar ce kawai na yarda da ita, sai kuka ya ƙwace min.