Ruwan Wankan Jego a Setapak

Iya ta sauka Kuala Lumpur da jaka biyu. Ɗaya tufafi ce, ɗayar kuwa kanwa ce da yaji da kimba da garin kunu. Haihuwar 'yarta Bashira ce ta kawo ta. Tun da mai ciki ba ta samu komawa Kano wankan gida ba, sai wankan ya biyo ta. Ba ta daɗe da zuwa ba aka rufe gari saboda korona, aka hana jirage tashi, aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita cefane a kowane gida. A cikin kullen nan aka haifi Hadiyya, aka raɗa mata suna ta waya.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a wani dogon bene a unguwar Setapak. Bai isa a yi kunyar surukuta a cikinsa ba, amma haka Alkasim, mijin Bashira, da Iya suka riƙa yi. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa fuskarta a gefe. Idan ya fito falo ta shige ɗaki. Abincinsa ma a kan gado yake ci, kusa da kwamfutarsa.

Karatun digiri na uku yake yi a kan harajin kabon, wato kuɗin da gwamnati ke ɗora wa tashoshin wuta da masana'antu saboda hayaƙin da suke fitarwa, wanda a ƙarshe yake gangarowa cikin kuɗin wutar gida. Malesiya ba ta fara karɓarsa ba. Tambayar Alkasim ita ce, idan an fara, me iyali za su soma ragewa?

Wata rana ya ji Iya tana tambayar Bashira a kicin abin da mijinta yake karanta. Da aka yi mata bayani sai ta ce, "Hayaƙin ma sai an biya masa? To mu masu murhu ai mun shiga uku."

Ya yi murmushi shi kaɗai a ɗaki. A lokacin bai fara zuwa duba mitar wuta ba.

Akwai hita a saman banɗaki, tanki ce mai cin wuta, makunninta yana waje da 'yar jar fitila. Iya ta gane ta tun ranar farko. Daga sallar asuba take kunna ta, ba ta kashewa. Ta tatse ruwan cikin babban baho, ta jira wani ya yi zafi, ta sake tatsa, ta jefa ganyen darbejiyar da Alkasim yake sayo mata a kedai, wato ɗan shagon wani Ba'indiye. Safe da yamma. Tururi ya cika gidan har madubin falo ya yi gumi.

Ma'aikatan kamfanin wuta sun daina zuwa karanta mita saboda kulle, amma Alkasim ya iya karantawa da kansa. Kuɗin tallafin karatunsa kuma shiru, ofisoshi a Najeriya duk a rufe. Yana tsaye a baranda yana kallon fitilar mitar tana ƙyaftawa da sauri, sai ga maƙwabcinsa Tajuddeen, mai sayar wa ɗalibai wayoyi, ya dawo da ledar tapau, abincin da ya sayo a waje. Ya tsaya nesa, takunkumi a haɓa.

"Dakta, gidan burodi ka buɗe ne ba ka gaya mana ba?"

"Jego ne."

"Ah, Iya ta kama aiki. To ka ce ta ɗan sassauta mana."

"Ni? In ce wa surukata ta rage ruwa? Da wane bakin?"

"Sa mata harajin naka lah," in ji Tajuddeen yana dariya, yana kwaikwayon maganar 'yan ƙasar. "Ba kai ka ce in abu ya yi tsada mutane da kansu suke ragewa ba?"

Alkasim ya gwada ta wajen matarsa. Ya same ta tana shayar da jaririya, fatarta ta yi jawur da wanka.

"Likita fa ta ce kada ruwan ya yi zafi sosai."

"Na gaya mata, ta kuma rage, yanzu har surkawa take yi." Bashira ta ɗago ta dube shi. "Abban Hadiyya, ko dai kuɗin wuta ne? Gaya mini."

"Haba, wa ya yi zancen kuɗi? Lafiyarki nake dubawa."

Washegari, da ya ga kowa na ɗaki, ya buɗe akwatin wuta da ke bayan ƙofar shigowa, ya sauke makunnin da ke kai wuta hita. Bai ɗauki lokaci ba. Da Iya ta danna nata makunnin jar fitila ta ƙi kamawa, sai ya zo ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce wa Bashira ta faɗa wa Iya hita ta lalace, kuma ba a barin masu gyara su shigo bene sai an buɗe gari.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Gas yana da araha a ƙasar. Dafa ruwa a tukunya kuma wahala ce. Mace mai shekarun Iya za ta yi kwana biyu ta gaji, ta mayar da wankan sau ɗaya, ko ta rage ruwan. Babu wanda aka ce wa komai, babu wanda ya ji kunya.

Iya ba ta rage ba.

"Dama ruwan injin nan ba shi da nauyi," ya ji tana cewa. "Ruwan da ya hau wuta shi ne ruwa."

Ta jawo babbar tukunyar da ɗaliban Najeriya suke aro idan za a yi taro, ta ɗora a kan gas. Idan ta tafasa sai ta naɗe hannayen tukunyar da tsumma, ta sauke, ta ɗan ja, ta huta, ta ɗauka, har ƙofar banɗaki. Daga ɗakinsa Alkasim yana jin numfashinta, da ƙarar gindin tukunya a kan tayil. Sai ya ƙara sautin abin da yake saurare. Sau ɗaya ya kasa daurewa ya fito.

"Iya, bari in ɗauka."

"A'a, a'a, Malam, koma kan karatunka. Wannan ba aikin maza ba ne."

Ya koma. Ya ce a ransa gobe zai ɗaga makunnin, ya ce ta gyaru da kanta. Goben ta zo ya leƙa mita, ya ga fitilar tana ƙyaftawa a hankali kamar mai gyangyaɗi, sai ya ce a ƙara kwana ɗaya.

Ranar da abin ya faru yana gaban kwamfuta da hantsi, yana yi wa malamarsa bayanin yadda gidaje masu ƙaramin ƙarfi za su rage amfani da wuta idan farashi ya hau. Sai ya ji murfi ya faɗi yana juyawa, sannan ruwa ya watsu. Iya ba ta yi ihu ba. Salati kawai ta yi, can ƙasa-ƙasa. Bashira ce ta ƙwalla ƙara.

Ya same ta zaune a ƙasa, ta jingina da bango. Santsin tayil ne ya kwashe ta. Ruwan ya zubo mata daga gwiwar hannun hagu har yatsu, ya kuma sami saman ƙafarta. Tana ta jan mayafi da hannun dama don ta rufe kanta a gabansa.

Bashira ba ta da halin fita, saboda haka shi ya kai ta kilinik. A motar haya Iya ta manne da ƙofa, shi yana gaba. 'Yan sandan shingen hanya suka leƙo, suka ga hannun, suka ce su wuce. A gaban likita dole ya zama tafinta, ya riƙa juya maganarta zuwa Turanci, ya juyo mata ta likita. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa yi mata magana mai yawan ta ranar ba.

Likitar tana shafa magani ta tambaye shi, me ya sa tsohuwa take ɗaukar tafasasshen ruwa, babu hita a gidan ne?

"Ta lalace," ya ce.

"Me ta ce?" in ji Iya.

"Cewa ta yi kada ruwa ya taɓa hannun sai ya warke."

Sai a hanyar dawowa Iya ta yi magana, ba da shi ba, da gilashin mota.

"Ko rabi ba mu yi ba. Abu ɗaya aka sa ni a jirgi in zo in yi. Me zan ce wa mutanen gida? Tsufa ne, na ƙi yarda. Ni na yi ganganci."

Direban ya dubo Alkasim ta madubi, ya ce, "Mama okay?" Ya gyaɗa kai.

Da suka shigo ya tsaya a bayan ƙofa, akwatin wutar yana daidai kafaɗarsa. Yatsa ɗaya ya isa. Amma hitar da ta ƙi aiki duk kwanakin nan, ta tashi yau, ranar da aka ƙone? Ya wuce kicin. An goge ƙasa, tukunyar tana kife. Ya cika ta da ruwa ya ɗora.

Wannan karon Iya ba ta hana shi ba. Ta zauna a kan kujerar roba a ƙofar banɗaki, hannu a naɗe da bandeji, tana kallon gefe tana ba da umarni. Ya sauke nan. Ya zuba rabi. Ya jefa ganye. Sannan ya fita ya ja ƙofa, Bashira ta watsa wa kanta, uwar tana nuna mata inda ba ta kai ba.

"Allah ya yi maka albarka," Iya take cewa duk zuwa. "Allah ya ba ka masu yi maka."

Kowace albarka sai ya ji kamar an ɗora masa tukunyar a ƙirji. Har ya ji ta a waya da ƙanwarta ta Kano, murya a sake yadda bai taɓa ji ba.

"Ke, in gaya miki, dakta guda, da tsumma a hannu! Safe da yamma. Ko ɗan da na haifa sai haka. Bashira dai ta dace."

Ranar nan da azahar Iya ta sha maganinta ta kwanta. Alkasim ya fito a hankali ya buɗe akwatin. Ya yanke shawara zai ɗaga, in ta farka ya durƙusa ya faɗa mata komai, ta yi masa duk abin da za ta yi.

"Kada ka taɓa."

Bashira ce a bayansa, da Hadiyya a kafaɗa. Maganar a hankali ta yi ta.

"Ranar da kuka tafi kilinik ruwa ya shiga soket ɗin kicin. Na zo nan in kashe wutar. Na ga ɗaya a ƙasa, na ɗaga. Fitilar hita ta kama." Ta gyara riƙon jaririyar. "Sai na mayar da shi yadda na same shi."

Ya kasa haɗa ido da ita.

"Na tambaye ka, Alkasim. Da bakina na ce ko kuɗi ne. Da ka ce eh, da na san yadda zan yi da uwata. Da na ce mata zafin yana sa ni jiri. Da na sayar da ɗan kunnena."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka ba tun da suka yi aure.

"Zan gaya mata," ya ce. "Yau ɗin nan."

"Don ka ji sanyi a ranka?" Ta girgiza kai. "Yanzu tana ganin tsufanta ne ya ƙona ta. Wannan za ta iya ɗauka. Amma ta ji a gidan 'yarta an yi mata rowar ruwa? Wallahi ko kofi ɗaya ba za ta ƙara sha a gidan nan ba, kuma babu jirgin da zai kai ta gida. A ɗakin can za ta zauna tana kallon bango har a buɗe gari."

"To in yi yaya, Bashira?"

"Abin da kake yi. Sai mun yi arba'in. Bayan nan mai gyara ya zo, ko Tajuddeen ne ya riƙo sukudireba, ba ruwana."

Ta juya ta shiga ɗaki. Ya daɗe a tsaye kafin ya rufe akwatin.

Da la'asar ta yi, Iya ta farka. Yanzu ba ta aiko Bashira, da kanta take kira daga ɗaki.

"Malam, rana ta yi sanyi. A ɗora mana."

Ya ɗora. Ya tsaya a kanta har ta tafasa, tururi yana dukan fuskarsa. Ya naɗe tsumma, ya ɗauko. Iya tana kan kujerarta, ta ɗora ƙafar mai ciwo a kan bokiti.

"A hankali nan wurin," ta ce, tana nuna tayil ɗin da haɓa. "Nan ne na zame. Kada kai ma ka jawo mana."

"To, Iya," ya ce.