Ƙarfe Mai Lamba Bakwai

Ranar Asabar sojoji suka sauke Jibrin daga motar haya a kasuwar Umdurman, tare da duk saurayin da ba shi da takardar gama hidimar soja. Kafin Litinin labari ya iso gidansu a unguwar Alsahafa cewa yana wani sansani a bayan gari, kuma nan da mako uku za a kwashe su zuwa fagen yaƙi a kudu. Mahaifiyarsu Huseina ba ta yi kuka ba. Ta dubi babban ɗanta Zubairu, ta tuna masa cewa shi ne mai cuɗanya da manya.

Cuɗanyar ba ta wuce filin golf ba. Zubairu ya karanta ilimin noma a jami'a, amma aikin da ya samu shi ne koyar da bugun ƙwallo a wani fili da ke gefen Khartoum, inda babu ko tsinken ciyawa. Kowane ɗan wasa yana yawo da guntun kafet, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. A cikin ɗalibansa akwai Kanar Suhaib, wanda ya shekara huɗu yana wasa bai taɓa cin kowa ba. Da ya ɗauki sandar ƙarfe sai ya jingina da baya yana neman kwaso ƙwallon daga ƙasa, ƙarfen ya shafi kanta, ta yi ta gangarawa cikin yashi.

Zubairu ya kai masa kukansa. Kanar ya saurara yana goge tabarau, sannan ya ce cire suna ɗaya daga jeri ba abu ne mai wuya ba. Shi ma yana da tasa buƙatar. Duk Juma'a yakan buga da maigidansa, wani Janar, kuma ya gaji da zama abin dariya. In bugunsa ya gyaru kafin Juma'ar sama, zai sa hannu ranar Lahadi.

Washegari Zubairu ya janye kafet ɗin, ya ajiye ƙwallo gefe, ya ja layi a yashi da yatsa. Ya ce Kanar ya ɗora nauyinsa a ƙafar gaba, hannuwa su riga ƙarfen isowa, ya sari ƙasa ta yadda ramin zai fara daga gaban layin. Bai gaya masa inda ya samo wannan ba. Haka mahaifinsa yake sara da fartanya a gonakin auduga na Jazira har ƙarfinsa ya ƙare, kuma Zubairu ya san Kanar ba zai yarda ya koyi saran ɗan ƙwadago ba.

Kwana shida ramukan suna faɗawa bayan layi. A na bakwai suka tsallaka. Da aka mayar da ƙwallo, ƙarar bugun ta sauya, ta zama gajeriya mai kauri, ƙwallon ta tashi sama ta sauka a inda aka nufa. Kanar ya tsaya yana kallon tafin hannunsa da ya yi kanta.

Sai ranar Juma'a, da Kanar da Janar suka kai rami na biyar a cikin ramukan da ake jefa ƙwallo, Zubairu ya gane abin da ya manta. Ya sha ganin ƙananan hafsoshi suna kuskure da gangan in suna wasa da Janar. Kanar bai taɓa buƙatar koyon wannan ba, domin rashin iyawarsa ya daɗe yana kare shi. Yanzu ga shi yana gaba, fuskarsa a washe, Janar kuwa ya daina magana.

A rami na ƙarshe Zubairu ya miƙa masa ƙarfe mai lamba tara, wanda ba zai kai ƙwallon ko kusa da tutar da ke nuna ramin ba.

"Ranka ya daɗe, da wannan za ka buga," in ji shi a hankali. "Don Allah."

"Malam, kai ka koya mini," in ji Kanar yana dariya. "Ba ni bakwai."

Ƙwallon ta sauka taku biyu daga tuta. Janar ya ba shi hannu, ya ce mutum mai irin wannan saiti asara ce a bar shi a ofis.

Ranar Lahadi Zubairu ya yi sa'a uku a kan benci a ƙofar ofishin Kanar. Daga bisani wani kofur ya sanar da shi cewa an yi wa Kanar canjin wurin aiki zuwa kudu tun jiya, sabon da ya zo kuma bai san da wata takarda ba.

Ya koma Alsahafa da ƙafa, ko da yake akwai mota. Ya tarar da Huseina ta wanke jallabiyar Jibrin ta shanya a igiya.

"Kanar ɗin ya iya bugun?" ta tambaya.

"Ya iya, Inna."

Ta ci gaba da kallonsa tana jiran sauran bayani, shi kuma ya sunkuyar da kai. Can ta miƙe, ta sauke jallabiyar da sauran danshinta, ta naɗe ta.